Alkafurar Gefe a Fagen Faɗa

Duk wanda ya tashi a ƙasar da ake dambe ya san cewa da zarar hannun ɗan wasa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, to an yi kisa, magana ta ƙare, makaɗa sai su koma wa wanda ya rage a tsaye. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan mutuminmu ya ga ƙato da gemunsa ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya wulla ƙafafunsa sama ta gefe, ya dira a ɗaya ɓangaren, ya ɗauka cewa wasan yara ne da ba shi da wata alaƙa da sha'anin maza. Alhali kuwa akwai ƙasar da malaman faɗa suka sanya wannan alkafura cikin rukunan farko da almajiri zai ƙware a kansu kafin a yarda ya shiga fage, kuma suna da hujjar da ta cancanci a saurara.

Ƙasar ita ce Birazil, fannin kuwa kapuwera, wanda ya tsiro a tsakanin bayin da Turawan Fotugal suka kwaso daga Afirka, musamman daga yankin Angola da Kwango. Bayan an 'yanta bayi a 1888, hukuma ta haramta wasan a cikin dokar laifuffuka ta 1890, har sai da wani gwani mai suna Mestre Bimba ya buɗe makaranta a birnin Salbador na jihar Bahiya a 1932, ya tsara karatun babi-babi, hukuma ta ba shi izini a 1937. Wannan birni ba baƙo ba ne ga tarihinmu, domin a cikinsa ne bayi Musulmi, Yarabawa da Hausawa, suka yi bore cikin watan azumi a 1835. A yau kapuwera ta yaɗu a duniya, har hukumar UNESCO ta sanya da'irar wasanta cikin gadon al'adun ɗan Adam a 2014.

'Yan kapuwera suna kiran alkafurar gefe da suna au, kuma tasu ta saɓa da ta 'yan wasan motsa jiki saɓani mai ma'ana. Shi ɗan motsa jiki, wanda alƙalai ke ba maki a kan kyawun siffa, yakan miƙe ƙafafu sambal, ya buɗe su iyakar buɗewa, ya kafa idonsa a kan tafukan hannunsa. Shi kuwa ɗan kapuwera, da yake ya san akwai wani mutum a gabansa wanda ba ya nufinsa da alheri, sai ya sa hannun da ke kusa a ƙasa, ya bi da na nesa, yatsu a warwatse, kafaɗu suna tura ƙasa, sa'an nan ya lanƙwasa wuya ya leƙo abokin karawarsa ta tsakanin damatsansa, ba ya ɗauke ido daga kansa tun daga tashin ƙafar farko har zuwa saukar ta biyu. Mabiya tafarkin Mestre Pastinha, wanda ya kafa tasa cibiyar a 1941, sukan ƙara da naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji, su yi ta ƙasa-ƙasa kuma a hankali, domin kada ciki ya zauna a buɗe.

Dalilin wannan taka-tsantsan a bayyane yake, domin a daidai lokacin da mutum yake kife, hannayensa biyu sun zama ƙafafu, ba shi da abin kare ciki. Abokin karawa mai lura sai ya sunkuyo ya tunkuye shi da ka, ko kuwa ya share hannun da ke ɗauke da nauyin jikin, sai ka ji rim a ƙasa. Bimba ya san haka sarai, shi ya sa a cikin jerin darussa takwas da ya tsara wa masu farawa ya haɗa alkafurar da tunkuyin da ke rushe ta, almajiri biyu suna musayar matsayi, domin kowannensu ya san amfanin abin, ya kuma ɗanɗani aibinsa a jikinsa. A ganina wannan ita ce koyarwa ta gaskiya, kuma malamin da ya nuna wa yaro dabara bai nuna masa inda take karyewa ba, ya zalunce shi.

To mece ce fa'idarta a aikace? Ta farko ita ce kuɓuta: wanda aka share ƙafarsa, ko aka ture shi ta gefe har ya tabbata faɗuwa ta wajaba, maimakon ya zube da baya ko da kafaɗa, yana iya miƙa hannu ya bi da ƙarfin turin, ya dira a kan ƙafafunsa nesa da inda ake jiransa. A wasu fagagen kuma an mai da ita makami. Kazushi Sakuraba na Japan, wanda ya rinjayi Royce Gracie a Tokiyo a 2000 bayan karawar minti 90, ya shahara da wuntsilawa ta kan ƙafafun abokin karawa da ya kwanta rigingine yana kare kansa da su. Saenchai na Tailan kuwa yakan dafa ƙasa da hannu ya sauke ƙauri a kan mutum daga sama. Sai dai waɗannan gwanaye ne da suka ƙare ƙuruciyarsu a kan horo, kuma wanda ya ga hotonsu a waya ya ce zai gwada a rigimar bakin titi, inda ga kwalta ga fasassun kwalabe, ya sayi wahala da kuɗinsa.

Fa'idar da na fi ba muhimmanci ba a ganinta da ido. Mutum, bisa ɗabi'arsa, idan kansa ya koma ƙasa ƙafafunsa suka koma sama, hankalinsa yakan tashi, ya runtse ido, ya riƙe numfashi, ya kasa sanin gabas da yamma. Kuma wannan ruɗewa tana iya jawo rauni a faɗuwa. Wanda ya maimaita alkafura har jikinsa ya saba, dama da hagu ba tare da fifita ɓangaren da ya fi masa sauƙi ba, ya sami natsuwa a halin da wasu ke rasa ta, ga ƙarfin kafaɗa da wuyan hannu da tsokar ciki da ke biyo baya.

Ga masu horar da yara a kulob-kulob na karate da takwando da judo a garuruwanmu, ina roƙo da su fara da ɗumama wuyan hannu, su sa yaro ya dafa ƙasa ya tsallakar da ƙafafu ƙasa-ƙasa kafin ya nemi bisa, a kan rairayi ko katifa, babba yana tsaye ta bayansa yana tallafar ƙugu. Wanda ke da ciwon wuyan hannu ko kafaɗa, ko hawan jini, ya nemi shawarar likita tukuna. Kuma tun ranar farko a sa abokinsa ya tsaya a gabansa yana nuna yatsu, yaron ya faɗi ko nawa ne alhali yana kife. In ya kasa faɗa, a sa shi ya sake.