Abin da ya kamata ka sani: In an ba ka abinci marar kyau a waje, ka yi magana ko ka yi shiru?

Mutumin Wurma ta ƙaramar hukumar Kurfi da ya kai akuya kasuwa ya wuni, da direban da ke jigilar fasinja tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, da ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da karatu ya hana shi ɗora tukunya, dukkansu cikinsu yana hannun masu sayar da abinci. Galibi lafiya ake ci a tashi. Amma akwai ranar da za a ajiye maka shinkafa da wake ka ji tsami tun a cokalin farko, ko ka tsinci ƙuda a miya, ko a bar ka zaune ana sallamar waɗanda suka zo bayanka. Yawancinmu mukan haɗiye abin, mu biya, mu ƙudurta a zuci ba za mu ƙara dawowa ba. Wasu kuma sai su tara wa mai abinci jama'a da hayaniya. Duka biyun ba sa gyara tukunyar gobe.

Ba an hana mu kushe abinci ba?

An hana, kuma hanin yana da tushe. Tun muna yara ake koya mana cewa abinci ni'ima ce, ba a yatsina masa fuska. Malamai kan kawo hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim, wanda ke nuna cewa aibata abinci ba ɗabi'ar Annabi (SAW) ba ce. Saboda haka in ka ji nauyin buɗe baki, tarbiyyarka ce ke aiki.

Sai dai a cikin Muslim ɗin nan akwai labarin mai sayar da hatsi da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe. Annabi ya cusa hannu ya gano, kuma ya tsawatar masa a kan algus, wato ɓoye aibin kaya don a cuci mai saye. Ka ga ke nan abu biyu ne. Ka ce miyar kuka ba ta yi maka daɗi ba, wannan kushe ne, kuma barinsa ya fi. Ka ce naman nan ya yi bashi, wannan bayyana cuta ne, kuma akwai mutanen da lafiyarsu ta rataya a kan ka faɗa.

Wane aibi ne ya isa a yi magana a kansa?

Ka tambayi kanka: abin nan bai yi mini daɗi ba ne kawai, ko zai cutar da wani, ko an tauye mini haƙƙi?

Gishiri ya ɗan yi yawa, yaji ya yi kaɗan, tuwo bai tuƙu yadda aka saba yi maka a gida ba, waɗannan na ɗanɗano ne. Kana iya yin shiru. In kai abokin ciniki ne na kullum, ka faɗa cikin ladabi wata rana, mai abinci za ta ji daɗi.

Ƙanƙancewar malmala ma tana buƙatar ka yi adalci. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya tashi, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, a lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Matar da ke sayar da tuwo a bakin tasha da tiya ɗaya ko biyu take juya jarinta. In ta rage nama a faranti, sau da yawa kasuwa ce ta matse ta.

Wanda ba a yin shiru a kansa shi ne abincin da ya yi tsami ko yauƙi, naman da ya yi wari ko cikinsa bai dahu ba, kashin ɓera ko kyankyaso ko gashi ko fasasshen gilashi a cikin abinci, ruwan sha mai datti, lemon kwalba ko madarar gwangwani da wa'adinsu ya wuce, da wanke kwanuka a ruwa ɗaya tun safe har ya koma kalar miya. Haka nan in an gaya maka farashi ɗaya, da ka gama ci aka nemi wani, ko aka riƙe maka canji, ko aka ci mutuncinka.

Ɗan tsami kawai, har ya kai a damu?

Ya kai. Ƙwayoyin cuta halittu ne ƙanana da ido ba ya gani, kuma suna hayayyafa da sauri a abincin da ya huce ya zauna cikin ɗumi. Sun fi samun yadda suke so tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin zafi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba a firji ba. Yanzu ka tuna zafin bazara a ƙasar Katsina, inda a watan Afrilu yakan kai digiri 40, ga rashin wutar lantarki. Shinkafar da aka sauke da hantsi aka rufe a kula, kafin la'asar ta sha zama.

Shinkafa tana da wani hatsari na daban da mutane da yawa ba su sani ba. Akwai ƙwayar cutar da ke barin guba a cikinta in ta daɗe a ajiye, kuma ɗumame ba ya kashe wannan gubar. Wani abin lura kuma, abinci kan iya ɗauke da cuta ba tare da ya yi tsami ko wari ba. To wanda har hanci ya ji, ai ya riga ya yi nisa.

A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ke kamuwa da rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 kuma suna mutuwa, daga ciki 125,000 yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. A nan gida, kwalarar 2021 ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Katsina na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Kai babba mai ƙarfi wataƙila ka yi kwana ɗaya kana zarya bayan gida ka warware. Almajirin da za a juye wa ragowar tukunyar, ko yaron da mahaifinsa zai kai wa ƙunshin tsiren nan tsaraba, shi ba lalle ya warware ba.

To, yaya za ka faɗa?

Ka faɗa da wuri. Da ka ji abin a loma ta farko ko ta biyu, ka ajiye cokali. Wanda ya share faranti tas sannan ya ce abinci ya lalace, ba wanda zai gaskata shi, ko da gaskiya yake faɗa.

Ka nemi mai wurin. Yarinyar da ta kawo maka faranti ko yaron da ke wanke-wanke ba su suka yi cefane ba, ba su da ikon mayar maka da ko sisi, kuma in ka daka musu tsawa wataƙila a cikin ɗan ladansu za a cire. Ka tashi ka je wurin tukunya, ka rage murya yadda na kusa ba zai ji ba. Ka fara da gaisuwa: "Hajiya, sannu da aiki. Don Allah ɗan ɗanɗana miyar nan, ina jin kamar ta juya." Ko a wurin mai nama: "Malam, duba tsokar nan, cikinta da saura." Ka nuna abin a gani da ido, ka faɗi abin da ka ji a bakinka, kada ka ɗora da zargin cewa da gangan aka yi. Mai dafa abinci da ta wuni cikin hayaƙi hancinta kan gaji, tana iya rasa jin abin da kai baƙo ka ji nan take.

Wannan sirrantawa tana da muhimmanci ƙwarai a ƙaramin gari. A Wurma ko Kurfi mai tuwon nan ba baƙuwa ba ce: ko ƙanwar abokinka ce, ko kun haɗa surukuta, ko gobe za ku haɗu a gidan suna. Jarinta na gaskiya shi ne sunanta. In ka tozarta ta a gaban mutane, za ta kare kanta ne maimakon ta duba tukunya. In ka keɓe ta, ka ba ta damar ta sauke miyar ba tare da ta ji kunya ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

In matsalar ta jira ce ko rashin kulawa, tunatarwa ɗaya cikin sanyin murya ta isa. In aka maimaita, ka gaya wa mai wurin kafin ka tafi.

Kuɗin fa, dole ne ka biya?

Ka faɗi abin da kake so a fili: a canza maka, ko a rage, ko a mayar maka da kuɗinka. Abin da ka ci mai kyau, ka biya. Wanda ya lalace ka bari, ba a bin ka bashinsa. In tukunyar gaba ɗaya ce ta juya, kada ka yarda a sake zuba maka daga cikinta.

Doka tana bayanka a nan. Akwai dokar tarayya ta gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019. Ita ta kafa hukumar FCCPC, wadda ta gaji tsohuwar majalisar kare masu saye da aka kafa a 1992. Dokar ta ba ka haƙƙin samun kaya mai inganci marar cutarwa, da sanin farashi kafin ka saya, ta kuma hana a karɓi fiye da farashin da aka nuna. In an yi maka aiki ba yadda ya kamata ba, kana da ikon neman a gyara ko a mayar maka da wani kaso na kuɗinka. Kariya mafi sauƙi dai ita ce ka tambayi farashi kafin a zuba, musamman a tasha da ranar kasuwa.

In ba a saurare ka ba, ina za ka kai ƙara?

Ka fara da na kusa. Harkar nama tana da Sarkin Fawa, kasuwa tana da sarkinta, tasha tana da shugabanninta, unguwa tana da mai unguwa. Maganar da ɗayansu zai yi wa mai abinci takan fi takardar ofis saurin aiki, kuma ba ta barin gaba.

In abin ya shafi tsabta da lafiyar jama'a, wurin duba-gari za ka. Su ne jami'an tsabtar muhalli na ƙaramar hukuma, kuma duba wuraren sayar da abinci da mahauta da rijiyoyi yana cikin aikinsu. Suna da ikon gargaɗi, da ƙwace abincin da bai dace a ci ba, da kai mai taurin kai kotu. Ɗan Wurma zai same su ta sakatariyar ƙaramar hukumar Kurfi.

Abin da aka sarrafa aka rufe a leda ko kwalba ko gwangwani, kamar ruwan leda da lemo da madara, hurumin NAFDAC ne, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna da aka kafa a 1993. Kada ka yar da ledar ko kwalbar, domin lambar rajista da ranar ƙarewar wa'adi a jikinta suke. Babban gidan abinci ko otal da ya ƙi sauraronka kuwa, kana iya kai ƙorafinsa ga FCCPC, ba a biyan kuɗin shigar da ƙorafi. Ka riƙe rasit ko shaidar tiransifa, ka ɗauki hoton abincin, ka rubuta rana da lokaci.

In ka sa a Facebook ko WhatsApp fa?

Ka yi hattara. A 2023 wata mata a Legas ta rubuta ra'ayinta a Facebook kan wani tumatirin gwangwani, 'yan sanda suka kama ta, maganar ta kai kotu a ƙarƙashin dokar laifukan intanet. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun yi tir da kamun, amma wahalar ta riga ta sha. Ban da wannan, hoto ɗaya da ya zaga wayoyin gari yana iya rufe rumfar da ke ciyar da gida guda saboda kuskuren rana ɗaya, kuma abin da ka tura ba ya dawowa. A ganina wannan mataki na ƙarshe ne, bayan ka yi magana da mai wurin da hukuma an yi biris. Ko a nan ma, iyakar abin da idonka ya gani kuma kake da shaidarsa za ka faɗa.

In ka riga ka ci, cikinka ya ɓaci?

Lafiya tukuna, ƙorafi daga baya. Abin da ke kisa a amai da gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Ka sami ƙunshin gishiri da sukari na kemis ka haɗa yadda aka rubuta. In babu, ka tafasa ruwa lita ɗaya ya huce, ka zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali, ka riƙa kurɓa. In akwai jini a bayan gida, ko gudawa kamar ruwan wankin shinkafa, ko zazzaɓi mai zafi, ko amai ya hana ruwa zama, ko kuwa marar lafiyar yaro ne ko tsoho ko mai juna biyu, a tafi asibiti mafi kusa ba tare da jira ba.

Kada ka yi saurin ɗora laifi a kan abincin ƙarshe da ka ci. Wata gubar takan nuna cikin 'yan awoyi, kwalara kan ɗauki har kwana biyar, taifod kuma mako ɗaya zuwa uku. Amma in ku biyu ko uku kuka ci a wuri ɗaya kuma duk kuka kwanta, ku gaya wa ma'aikacin asibiti sunan wurin da ranar da kuka ci, sannan a aika wa mai abincin da duba-gari a ranar, tun kafin a sayar da sauran tukunyar.