Nasabar Magani Tana Cikin Sunansa

Duk wanda ya tsaya a bakin kemis a Sabon Birni ko Isa ranar kasuwa, ya kasa kunne ga yadda jama'a ke neman magani, zai ji galibinsu da launi ko da laƙabin kamfani suke kiransa, wannan ya ce a ba shi ja-da-baƙi, wancan ya ce ja-da-rawaya, wata ta aiko yaro a sayo mata Panadol. Alhali kuwa a ƙarƙashin laƙabin nan da aka buga da manyan haruffa akwai suna na asali, wanda aka gina bisa ƙa'ida, yake kuma bayyana nasabar maganin ga mai lura, kamar yadda tsagar fuska take shaida Bagobiri tun bai buɗe baki ba.

Asalin al'amarin shi ne, da magunguna suka yawaita bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kowane kamfani yana raɗa wa nasa sunan da ya ga dama, sai Hukumar Lafiya ta Duniya ta zartar a 1950 cewa wajibi ne kowane sinadarin magani ya sami suna guda da duniya za ta yi ittifaƙi a kansa, wanda ba mallakar wani ɗan kasuwa ba ne. Aka kuwa fitar da jerin farko a 1953. Hikimar da masana suka yi ita ce, suka keɓe wa kowane dangin magani wata gaɓa, galibi a ƙarshen suna, wani jiƙon a farkonsa, ta yadda magungunan da aikinsu ko gininsu ya yi tarayya za su gaje ta baki ɗaya.

Saboda haka ja-da-baƙin nan, wanda akasari ampicillin ne, ɗan'uwan amoxicillin ne, domin duka biyun sun ƙare da -cillin, alamar zuriyar penicillin. Ja-da-rawaya kuwa tetracycline ne, danginsa doxycycline, duka masu -cycline ne. Magungunan hawan jini gida-gida ne: masu -dipine kamar amlodipine da nifedipine suna sassauta jijiyoyin jini, masu -olol kamar atenolol suna rage gaggawar bugun zuciya, ga kuma masu -pril da masu -sartan. Maganin tsutsar ciki yakan zo da -bendazole. Na zazzabin cizon sauro kuma, artemether da artesunate sun ɗauko arte- a goshi, amodiaquine da ake haɗawa cikin rigakafin da ake ba yara da damina ta yi tarayya da chloroquine a -quine.

Fa'idar wannan ilimi ta fi bayyana a ƙasar iyaka irin tamu, inda mutum kan je asibiti a Maraɗi ya komo da takarda da Faransanci, sa'an nan ya nemi ƙari a gida. Laƙabi yana sauyawa da an ƙetare iyaka, amma amoxicilline na can shi ne amoxicillin na nan, harafi guda ne bambancinsu. Wanda ya san haka ba zai haɗa magani ɗaya sau biyu da sunaye biyu ba, yana zaton iri biyu yake sha; wanda penicillin ya taɓa tayar masa da borin jini zai yi hattara da duk mai -cillin; mai juna biyu za ta nisanci masu -cycline da -pril; mai gyambon ciki kuma zai yi taka-tsantsan da masu -profen irin su ibuprofen.

Sai dai sanin nasabar magani ba ya mayar da mutum likita, domin 'yan gida ɗaya ma sukan bambanta a ƙarfi da ƙimar da ake sha. Abin da ya kamaci mai saye shi ne ya duba lambar hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC da ranar lalacewa, ya nemi mai kemis ya karanta masa ƙaramin sunan nan, ya kuma riƙe kwalin domin nuna wa ma'aikacin lafiya idan buƙata ta taso.