Jamie Vardy

Jamie Richard Vardy (an haife shi ranar 11 ga watan Janairu, 1987, a birnin Sheffield) ƙwararren ɗan wasan ƙwallon ƙafa ne ɗan ƙasar Ingila, wanda yake buga gaba. An fi saninsa da ƙungiyar Leicester City, inda ya shafe shekara 13, ya buga wasa 500, ya ci ƙwallo 200. Abin da ya bambanta shi da yawancin takwarorinsa shi ne bai taɓa buga gasar Firimiya ba sai da ya kai shekara 27.

Farkon rayuwa da ƙananan ƙungiyoyi

Vardy ya fara a makarantar horar da yara ta Sheffield Wednesday, amma aka sallame shi yana ɗan shekara 16. Daga nan ya koma Stocksbridge Park Steels, wata ƙaramar ƙungiya da ke can ƙasa a tsarin gasannin Ingila, inda ake biyansa fam 30 a mako. Kuɗin ba ya riƙe mutum, don haka ya haɗa da aiki a masana'antar da ke yin kayan ɗaurin karaya. A shekarar 2007 kotu ta same shi da laifin duka, aka ɗaura masa na'urar sa ido a ƙafa na wata shida, tare da dokar komawa gida da wuri.

A 2010 ya koma FC Halifax Town, ya taimaka mata ta lashe gasar rukuninta. A 2011 Fleetwood Town ta ɗauke shi. Ya ci ƙwallo 31 a gasar Conference, ƙungiyar ta samu shiga gasar ƙwararru karo na farko a tarihinta.

Leicester City

A watan Mayu na 2012 Leicester ta saye shi kan fam miliyan 1, kuɗin da ba a taɓa biya ba a kan ɗan wasan ƙananan gasanni. Kakarsa ta farko ba ta yi armashi ba, har ya yi tunanin barin ƙungiyar, sai koci Nigel Pearson da mataimakinsa Craig Shakespeare suka lallashe shi. A kakar 2013–14 ya ci ƙwallo 16, Leicester ta lashe gasar Championship ta haura Firimiya.

Kakar 2015–16 ce ta fito da sunansa duniya. A ƙarƙashin Claudio Ranieri, Leicester takan bar wa abokan hamayya ƙwallo, ta tsare gida, da zarar ta ƙwace sai ta jefa ta bayan masu tsaron baya, Vardy ya bi ta da gudu. Salon ya dace da shi sosai. Ya ci ƙwallo a wasa 11 a jere, inda ranar 28 ga Nuwamba, 2015 a karawa da Manchester United ya karya tarihin Ruud van Nistelrooy na wasa 10. Leicester, wadda kakar da ta gabata da ƙyar ta tsira daga faɗuwa, ta lashe kofin Firimiya. Vardy ya ƙare da ƙwallo 24, aka zaɓe shi gwarzon gasar na kakar. Arsenal ta nemi ɗaukarsa a 2016, ya ƙi.

A kakar 2019–20 ya lashe takalmin zinare da ƙwallo 23 yana da shekara 33, wanda ya mai da shi mafi yawan shekaru da ya taɓa karɓar kyautar a Firimiya. A 2021 ya ɗaga kofin FA bayan Leicester ta doke Chelsea da ci 1–0. A tsawon zamansa ya yi wasa tare da 'yan Najeriya irin su Ahmed Musa, Wilfred Ndidi da Kelechi Iheanacho.

Da ƙungiyar ta faɗi a 2023, bai tafi ba. Ya ci ƙwallo 18 a Championship, suka dawo a 2024, suka sake faɗuwa a 2025. Wasansa na ƙarshe ranar 18 ga Mayu, 2025 ne da Ipswich Town, kuma a ranar ya ci ƙwallonsa ta 200. A watan Satumba na shekarar ya koma Cremonese ta Italiya.

Tawagar Ingila

Roy Hodgson ne ya fara gayyatarsa. Ya buga wasansa na farko ranar 7 ga Yuni, 2015 da Ireland a Dublin, inda ya canji Wayne Rooney. Ƙwallonsa ta farko da dunduniya ya ci ta, a ragar Jamus a Berlin a watan Maris na 2016, wasan da Ingila ta ci 3–2. Ya kuma ci Wales a gasar Euro 2016.

Sai dai bai samu gurbi na dindindin ba, domin Harry Kane ne zaɓi na farko a gaba. Yana cikin tawagar da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar kofin duniya ta 2018 a Rasha. A watan Agusta na shekarar ya shaida wa Gareth Southgate cewa zai ja baya. Ya buga wa Ingila wasa 26, ya ci ƙwallo 7.