Shin Ko Kun San? Abin da Ke Kashe Batir Tun da Sauran Ƙarfinsa

Shin ko kun san zaman banza na kashe batir? Taraktar da aka jingine bayan girbin shinkafa a gonakin Bakolori, batirinta na zubar da caji a hankali ko ba a taɓa makulli ba. In ya daɗe a haka, wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantan dalmar da ke cikinsa, daga nan sai ya daina riƙe wuta. Mai mota a Morai ko Bakura, in zai jingine ta, ya cire wayar da ke kan alamar ragewa, ya riƙa yi wa batirin caji duk wata.

Ko kun san zafin bazara ya fi komai cin batir a ƙasarmu? An ƙera batir ne don yanayin digiri 25, kuma duk ƙarin kusan digiri 10 na rage rabin kwanansa. To, a Talata Mafara watan Afrilu kan wuce digiri 40. Abin takaici ne a ga batirin sola mai tsada a kulle cikin ɗakin kwano marar taga. A ba shi inuwa da iska, domin yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta lokacin caji.

Batir mai bolt 12 ɗakuna shida gare shi. In ya cika yakan nuna 12.6, da ya sauko wajen 12.1 rabi ya tafi, a nan ya kamata a tsaya da amfani da shi. Batirin mota kuma ba na sola ba ne: farantansa sirara ne, aikinsu tada inji kawai.

Ruwan rijiya ko na leda ba ya shiga batir. Tataccen ruwan batir kaɗai, kuma ba a ƙara asid, don ruwan ne ke ƙafewa.

Shin ko kun san Bafaranshe Gaston Planté ne ya ƙirƙiro batirin dalma a 1859? Dalmar nan ita ce gubar da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, ta hanyar sarrafa zinare a gidaje. Don Allah kada a fasa mataccen batir a tsakar gida, kada a bar wa yara. A kai wa masu sayensa yadda yake, a rufe.