Daga Yamai zuwa Jidda: nisan tafiya da lissafin lokaci

Kowace shekara maniyyata daga Dogon Dutsi, Tibiri, Matankari da sauran garuruwan Arewa sukan kama hanyar ƙasa mai tsarki. Da yawansu ba su taɓa shiga jirgin sama ba. Mai karatu, ko kai ne maniyyacin ko wani naka ne, wannan bayani zai taimake ka ka fahimci abin da ke rubuce a tikiti.

Nisan tafiya

Tafiyar kashi biyu ce. Da farko za ka hau mota daga Dutsi, ka bi ta Doso har Yamai, kimanin kilomita 275. A can ne filin jirgin sama na Diori Hamani yake. Daga nan zuwa filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda kimanin kilomita 4,000 ne a miƙe. Madina ta ɗara haka da kaɗan. Wato kamar ka yi hanyar Dutsi zuwa Yamai sau 14 da ɗoriya. Kakanninmu sun bi ta Cadi da Sudan a ƙasa ko a kan dabbobi, wasu sai da suka shekara da shekaru kafin su isa.

Awa nawa ake yi?

Babban jirgi yakan ci kusan kilomita 850 a awa guda. Raba 4,000 da 850, za ka sami awa biyar ba kaɗan. Sai dai jirgi yana rage gudu wajen tashi da sauka, iska takan tare shi ko ta tura shi, kuma ba kullum yake bin miƙaƙƙiyar hanya ba. A shekarar 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan, an rufe sararin samaniyarta, jirage suka riƙa kewayawa, tafiyar ta ƙara tsawo. Saboda haka ka sa ran awa shida ko fiye, idan jirgin bai ya da zango ba.

Agogo biyu

Nan ne mutane suka fi ruɗewa. Rana tana riga fitowa a gabas, don haka agogon Saudiyya yana gaban na Nijar da awa biyu. A tikiti kuwa, lokacin tashi na garin da aka tashi ne, lokacin sauka na garin da za a sauka.

Ga misali: jirgi ya tashi Yamai da ƙarfe 10 na dare, ya yi awa shida. A Dutsi ƙarfe 4 na asuba ne, amma a Jidda ƙarfe 6 na safe. Mai duban tikiti sai ya zaci awa takwas aka yi. A dawowa sai ka rage awa biyun.

Abin da ya kamata ka kiyaye

- Da zarar ka sauka, gyara agogonka, kada ka makara wa salla ko motar ayari.
- Idan kana shan maganin hawan jini ko na ciwon suga, ajiye shi a jakar hannu, ka tambayi likita yadda za ka daidaita lokutan shansa.
- Idan Makka za ka wuce daga Jidda, shirya haraminka tun a Yamai, domin a sama jirgi zai ratsa mikati.
- Bayyana wa iyali wannan lissafi, kada hankalinsu ya tashi idan waya ta yi jinkiri.

Allah ya kai lafiya, ya dawo da kowa gida lafiya.