Waken Samaru Mai Kare Kansa Daga Tsutsa

Duk mai awon wake a kasuwar Kakuri ya san yadda yake tsada idan tsutsa ta ci gonaki. Tsutsar da ake kira Maruka takan huda fure da kwanso, har manomi ya yi asarar kashi 80 cikin 100.

A shekarar 2019, masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, suka fito da irin SAMPEA 20-T. An sanya masa ƙwayar gado daga wata bakteriyar ƙasa, wadda ke sa shukar ta samar da sinadarin da ke lalata hanjin tsutsar. Manomin da kan yi feshi sau shida zuwa takwas, yanzu biyu sun ishe shi, domin sauran ƙwari.

Ɗalibai, ga darasin gado da kuke karantawa ya isa gona.