Kafin a Shiga Aji: Yadda Muka Zaga Alƙahira da Autarmu

A ƙasarmu, daga Kazaure zuwa Roni da Gwiwa har Babura can bakin iyaka, ba a san uba da tura ɗansa karatu da saƙon baki ba. Da kansa yake kama hannun yaro ya kai shi zauren malam, ya ga inda zai kwana, ya leƙa rijiyar da zai riƙa ɗiban ruwa, sannan ya ce, "Malam, ga amana." Abin da ya sauya yau shi ne nisa. Da, Kano ake kai yaro, ko Zariya, ko gabas. Yanzu 'ya'yanmu suna Masar, suna Indiya, suna Madina, wasu suna nan kusa a Maraɗi. Rakiya kuwa galibi a filin jirgin Malam Aminu Kano take ƙarewa: a yi addu'a, a share hawaye, a kamo hanyar Dambatta a dawo gida, babu wanda ya san kamannin garin da aka tura yaron.

Tamu rakiyar ta wuce nan. Autar gidanmu ta samu gurbi a kwalejin likitanci ta 'yan mata ta Jami'ar Azhar, a daidai lokacin da yanar ido ta matsa wa mahaifinmu, Baffa. Da yake mutanenmu sun daɗe suna zuwa Masar neman magani, sai aka haɗa tafiya biyu wuri guda. Aka sayar da riɗin bana da bijimi ɗaya, ni ma na zazzage abin da na tara. Kawunmu na Gwiwa bai so ba. Ya zo takanas ya ce, "Yaya, 'ya mace ce fa, a kai ta uwa duniya a baro?" Baffa ya ce, "Ai shi ya sa zan je in gani da idona, ko da ɗayan ne mai lafiya." Muka tashi mu huɗu, Baffa da Inna da Auta da ni, saura 'yan kwanaki a buɗe zangon karatu a ƙarshen damina.

Jirgin EgyptAir daga Kano bai cika awa biyar ba ya sauke mu. Abin da ya fara kama mu shi ne yawan jama'a. Alƙahira da kewayenta sun haura mutum miliyan 20, kuma kamar duk a kan titi suke kwana. Ƙarfe ɗayan dare shaguna a buɗe, yara suna wasa, direbobi ba sa ɗaga hannu daga ham. Inna, wadda ta saba da an yi Isha'i Roni ta yi tsit, ta riƙe gefen mayafin Auta ta ce, "A nan za ki zauna?"

Washegari Baffa ya ce ba inda za a fara zuwa sai Masallacin Azhar. An aza harsashinsa a shekarar 970, aka fara sallar Juma'a a cikinsa a 972, kuma tun wancan ƙarni ake karatu a wurin. Sai a 1961 aka yi dokar da ta shigo da fannonin zamani kamar likitanci da injiniyanci, wadda ita ce ta buɗe wa irin su Auta ƙofa. Muka tuɓe takalma muka shiga farfajiyar farin dutse, mai sanyi a tafin ƙafa. A jikin wani ginshiƙi wani dattijo yana zaune a kujera, ɗalibai sun yi masa da'ira a ƙasa, akwai 'yan Indunusiya, akwai baƙaƙe irinmu, kowa da littafi a cinya, yana karantawa yana warware musu. Baffa ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ashe dai karatun zaure ne, ginin ne kawai ya fi namu."

A nan wani ɗalibi ɗan Haɗeja da ya yi mana jagora ya faɗa mana abin da ya kwantar wa Baffa da hankali fiye da komai: mu ba baƙi ba ne a wannan gari. A da, ɗaliban Azhar rukuni-rukuni suke zaune a ɗakunan da ke jikin masallacin, kowace ƙasa da nata, kuma har da na Barebari da na mutanen Takrur, wato mu 'yan Afirka ta Yamma. Tun a shekarun 1240 mutanen Kanem suka kashe kuɗinsu aka gina musu makarantar Malikiyya a birnin, wadda ake kira makarantar Ibn Rashiƙ. Mansa Musa na Mali ya yada zango a nan a 1324 a kan hanyarsa ta hajji. Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1505, ya rubuta wa Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas wasiƙar nasiha. Sannan akwai wani Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, gwanin lissafi da ilimin hatimi, wanda bayan ya sauke farali ya zauna a birnin yana karantarwa har ya rasu a 1741 a gidan Malam Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Waɗannan mutanen namu a ƙafa da bisa raƙumi suka keto hamada, wasu shekaru suka yi a hanya.

Bayan masallacin akwai wani lungu da ake kira Darbul Atrak, duk shagunan littattafai ne. A nan muka rasa Baffa na tsawon wuni. Ya ɗauko Ashmawi, ya ɗauko Iziyya, ya ɗauko Muhtasar na Shehu Halilu, ya ɗauko Jalalaini da ake ja a tafsirin azumi a masallatanmu, yana juya su yana kusantar da su ga idonsa mai gani. Duk waɗannan littattafai da ya yi shekaru yana biya wa almajirai a Roni, malaman Masar ne suka wallafa su. Ya kira Auta ya ce, "Kin gani? Abin da na ciyar da ku da shi, daga nan ya fito. Ke ma ki ɗebo naki ki kawo mana." Ya yi ta ciniki da mai shagon da Larabcin littafi, mai shagon yana amsa masa da na kasuwa, wanda jimun ɗinsa ya koma "ga", ƙaf kuma an haɗiye shi. Da hannu aka ƙarasa cinikin. Auta ta gane tun ranar cewa Larabcin da ta ci jarrabawa da shi daban, wanda za ta sayi burodi da shi daban.

Inna kuwa tarihi bai dame ta ba. Tambayoyinta uku ne: me yarinyar za ta ci, ta ina za ta bi, wa zai duba ta in ta kwanta ciwo. Saboda ita muka bar wuraren da baƙi ke rububi muka shiga unguwar Madinatu Nasr, inda ɗaliban Azhar da yawa suke haya. Ta sa aka sayo abincin safen mutanen gari: wake dafaffe da suke kira ful, da ƙosansu mai kore a ciki da suke kira ta'amiyya, da gurasarsu mai faɗi. Ta gutsuri ƙosan ta tauna a hankali ta ce ba laifi, amma ba barkono. Da rana aka kawo kushari, shinkafa da taliya da ƙananan wake an zuba miyar tumatir da soyayyar albasa. Wannan ta ture shi gefe. Da dare ta kwance ƙullin da ta ɓoye a ƙasan akwati, kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji, ta jera wa Auta a kan kanta, ta nuna mata yadda za ta tuƙa tuwo da garin semolina da ake samu a kowane kanti.

Sai hanya. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Alƙahira, wanda aka buɗe a 1987, shi ne na farko a Afirka, kuma a tsakiyar kowane jirgi akwai taragon da aka ware wa mata zalla. Inna ta ce sai ta shiga. Suka shige na mata ita da Auta, ni da Baffa muka matsu a na kowa da kowa, muka haɗu a tasha ta gaba. Ta fito tana murmushi, wai wata mata ta tashi ta ba ta kujera, har ta miƙa mata dabino. Daga nan muka bi hanyar da Auta za ta riƙa bi kullum, daga ƙofar gida zuwa inda ake tare ƙaramar bas, zuwa ƙofar makaranta, muka sake dawowa, ita ce a gaba tana biyan kuɗin mota da kanta. Muka je Abbasiyya muka ga asibitin Zahra'u inda ɗaliban kwalejinsu suke koyon aiki, muka ga Madinatul Bu'us, unguwar da Azhar ta gina wa ɗaliban ƙasashen waje, muka ga ofishin da ake buga takardar izinin zama, wadda kowa ke kira iƙama. Muka nemo ofishin jakadancin Najeriya, Auta ta rubuta adireshin a takarda, ba a waya kaɗai ba.

Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. A watan Afrilun 2023, da yaƙi ya ɓarke a Khartum, ɗaliban Najeriya da yawa, har da 'yan Jigawa, a motocin bas aka kwaso su zuwa iyakar Masar, iyaye a gida suna ta kiran wayar da ba ta shiga, da yawansu ba su san sunan unguwar da 'ya'yansu suke ba. Wanda ya ga wannan ba zai ce sanin gari almubazzaranci ne ba.

Ba wai ba mu yi kallo ba. Mun haura Ƙal'a, ganuwar da Salahuddin Ayyubi ya fara ginawa a 1176 a kan tudu, inda ake hango birnin duka da hasumiyoyinsa cikin ƙura. Mun yi salla a Masallacin Amru ɗan Asi, na farko da aka gina a Masar, mun ziyarci kabarin Imamu Shafi'i. Mun kutsa kasuwar Khan Khalili, inda Inna ta nuna wa Misirawa cewa ba su suka fara ciniki ba: aka yi mata kuɗin dardumar salla, ta taya kashi ɗaya cikin uku, ta juya za ta tafi, mai kaya ya biyo ta. Mun je Giza mun tsaya a gindin babbar dalar Fir'auna Khufu, mai shekara kusan 4,500, wadda tsayinta na asali ya kai mita 146. Mu da muka tashi cikin duwatsun Kazaure da Roni mun san dutse, amma namu Allah ne ya ajiye su, wannan kuwa hannun mutum ne ya sassaƙa tubali sama da miliyan 2 ya ɗora. Masu raƙuma suka yanyame mu. Tun a gida an gargaɗe mu cewa wani zai yi maka kuɗin hawa, in ka hau ya yi maka na sauka. Baffa ya kore su da dariya: "Ni da nake ganin raƙuma a banza a kasuwar Babura, in zo Masar in biya kuɗi in hau?"

Gawar Fir'auna ce kowa a gida ya ce mu gano masa. Tana gidan tarihin da ke Fusɗaɗ, inda aka mayar da gawawwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 a watan Afrilun 2021. Ɗakin a ƙarƙashin ƙasa yake, da duhu-duhu, an hana ɗaukar hoto. Ramsis na biyu yana kwance cikin gilashi, ɗan tsamurmurin tsoho mai dogon hanci, da sauran gashi a ƙeyarsa, hannuwa a kan ƙirji. Jama'a da yawa suna cewa shi ne na zamanin Annabi Musa, amma masana tarihi ba su haɗu a kan haka ba. Baffa ya dube shi ya ce, "Ko shi ne ko ba shi ba ne, wa'azin ɗaya ne."

Ga mai niyyar irin wannan tafiya, ga abin da zan ce. Ka iso kafin a buɗe makaranta, domin da zarar an fara lacca ɗalibi ba shi da lokacin kowa. Kada ka biya kuɗin haya daga gida a kan hoton da dillali ya turo. Ɗakin da aka nuna mana a waya da wanda muka tarar ba su ko yi kama ba, sai da taimakon ɗaliban Najeriya da suka riga mu muka samu wani. Ka nemi ƙungiyarsu tun kafin ka taso, su suka san mai gidan kirki da likitan da ba ya tsawwalawa. Ka yi lissafin kuɗi da rara, domin naira ta faɗi tun tsakiyar 2023, fam ɗin Masar ma a watan Maris na 2024 ya zube daga kusan 31 zuwa kusan 50 a dala ɗaya, kaya suka tashi. Ka saya wa yaro bargo da rigar sanyi, don hunturun can daga Disamba zuwa Fabrairu ya fi namu shiga ƙashi. Takardun makaranta da fasfo a yi musu kwafi, ɗaya a hannun ɗalibi, ɗaya a dawo da shi gida.

Na san ba kowane gida ne zai iya ɗaukar mutum huɗu ya kai Masar ba. Mu ma ba don idon Baffa ba, da ni kaɗai zan je. Amma ko mutum ɗaya ne, wa ko kawu ko gwaggo, ya kamata a samu wanda zai taka ƙafa ya gano, ya dawo ya ba da labari. In hakan ma ya gagara, a nemi babban ɗalibi na can wanda aka san gidansu a nan, a damƙa masa yaron baki da baki.

Amfanin da muka gani a bayyane yake. Yanzu in Auta ta bugo ta ce tana Abbasiyya za ta makara, Inna ba ta tashi hankalinta, ta san wurin, ta san motar da za ta hau. In ta ce kuɗi sun ƙare, Baffa ya san nawa ake sayar da gurasa, ba mai yi wa wani zargi. Kawu na Gwiwa kuwa, bayan ya sha labari ya ga hotuna ya karɓi tsarabar carbi, ya fara tambayar yadda ake neman gurbin, wai tasa 'yar tana aji biyar na sakandare kuma kanta yana ja.